Kowa Ya Yafe Masa Ban da Ni

An munafurce ni a tafiyar nan. Mijina ne ya shirya, 'yata da danginsa suka taya shi. Da wannan zan fara, tunda kun hana ni sakat tun ranar da muka dawo. A masallaci, a kantin nama na Annandale, a waya, tambayar ɗaya ce: "Hajiya Talatu, ya hutu? Ya teku? An ce har Kanada kuka je?" Kun ga hotuna ina murmushi cikin rigar sanyi, kun ɗauka amarci muka sake. To ga labarin da hannuna. Sai da na haura arba'in na zauna a aji na koyi riƙe alƙalami, don haka ba ni da kwalliyar magana. Yadda abin ya faru zan faɗa.

Ranar da muka kulle ƙofarmu a Alexandria ta Virginia, akwai abin da ban sani ba. Likita ya riga ya gaya wa mijina Malam cewa wata ƙofar jini a zuciyarsa ta tsuke, sai an yi masa tiyata, in ba haka ba kwanansa ba su da yawa. Malam ya ce ba za a tsaga shi ba. Ya gaya wa yayarsa, ya gaya wa 'yarmu da mijinta, ya ce kada wanda ya bari na ji. Ni kuwa abin da ya ce mini shi ne: "Hajiya, na yi ritaya. Shekara da shekaru ina can gidan rediyo ina surutu, kina nan kina jirana da abinci. Tashi in nuna miki ƙasar da na kawo ki. Mu hau dutse, mu ga dangi, mu shiga teku." Na ji daɗi. Har lalle na yi.

Muka fara da duwatsun yammacin Virginia. Masaukinmu ɗakin katako ne a cikin daji, gado ɗaya, murhu ɗaya. Wata ma'aikaciyar dajin, mace ce da hula mai faɗi, ta ga ina fito da dambun nama da kilishi daga jaka, ta ce duk abin da ke da ƙamshi sai a kulle shi cikin akwatin ƙarfe da ke waje, saboda wata ƙatuwar dabbar daji da suke kira beyar na yawo. Na ce mata a garinmu ɓera muke ɓoye wa nama. Ba ta yi dariya ba. Da yamma na soya albasa da daddawa, na'urar hayaƙi ta kama ihu, maƙwabta suka fito a guje da tawul a hannu. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana ba su haƙuri da Turancinsa na rediyo, yana cewa ba gobara ba ce, miya ce.

Hawan dutsen kansa ban gane amfaninsa ba har yau. A Katsina mutum ba ya hawa dutse sai akuyarsa ta ɓata ko yana neman itace. Nan kuwa ga manyan mutane da furfura, kowa da sanduna biyu, suna haki, ba abin da suka ajiye a saman. In kun haɗu a hanya su jefo kalma ɗaya ta gaisuwa su wuce. Ba ya gida, ba ya gajiya.

Malam ya yi ta tsayawa. Mu ɗan taɓa tafiya sai ya durƙusa, wai igiyar takalminsa ta kwance. Ya ɗaure, mu ƙara gaba, ya sake durƙusawa.

Na ce, "Malam, igiyar nan aljanu ke kwance ta?"

Ya ce, "Takalmin Nasara ne, bai san ƙafar Bahaushe ba."

Na ga leɓensa ya yi duhu. Na ce sanyi ne. Ni da kaina na ba shi uzurin, bai ma roƙa ba.

A saman dutsen muka tarar da wata tsohuwar Baturiya zaune ita kaɗai, da gwangwani a cinyarta. Na ɗauka abinci ne. Ta ce tokar mijinta ce. Ya ce in ya mutu a ƙona shi, a watsa shi a nan, inda suka saba zuwa tun suna da ƙuruciya. Tsigar jikina ta tashi. Ɗan Adam, a ƙona shi kamar shara, a zuba a gwangwani! Har gobe ban yarda da wannan ba. Amma na zauna kusa da ita, don ba a barin mai takaba ita kaɗai ko wace iri ce. Na tambaye ta ko ya daɗe yana jinya. Ta ce ranar da likita ya gaya masa ciwonsa, tana zaune a gefensa. Suka fito suka yi kuka a cikin mota, sannan suka je suka sha askirim. Daga nan komai tare suka shirya.

Na juya na ce wa Malam da Hausa, "Allah Ya raba mu da irin wannan ƙarshe."

Ya ce amin, yana kallon wani wuri. Da za mu sauka ya kama hannuna. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba. Na ɗauka santsi yake tsoro.

Daga nan muka ɗauki hanyar arewa zuwa New Jersey, gidan Yaya Rakiya, yayar Malam, wadda ke zaune wurin ɗanta. Hanya ce ta gadoji da manyan motoci, ba inda za ka tsaya ka sayi ko gyaɗa. Waɗanda suka san Yaya Rakiya sun san ba ta taɓa ganina ba ta samo abin gyarawa ba. In ba ɗaurin kallabina ba, to tuwona ya yi ruwa. Wannan karon ta tare ni a ƙofa ta rungume ni, ta ce "ƙanwata". Ta tsamo mini tsokar da ta fi kowace girma a miya. Na ce a raina tsufa ya fara sanyaya ta.

Ranar da za mu tafi, Malam ya durƙusa a gabanta har ƙasa, da tsufansa da komai.

Ya ce, "Yaya, duk abin da na yi miki tun muna yara, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Na yafe duniya da lahira." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kun san mu da neman yafiya. Mai tafiya Makka yana yi, mai doguwar tafiya yana yi. Na ɗauka ruwan da za mu shiga ne ya tsorata shi. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce, "Haba Malam, jirgin ruwa fa za mu hau, ba lahira za mu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan Yaya Rakiya ya ɗauki jakarmu ya yi waje da sauri. Wannan maganar tana cikin abubuwan da ke hana ni cin abinci in na tuna.

Sai Boston, gidan 'yarmu Ummi, mai sunan mahaifiyar Malam, da mijinta Bashir. Ummi aikin haɗa magunguna take yi. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Na kai loma ɗaya na ajiye cokali. Ba gishiri, ba magi, lami kamar ruwan wanke tukunya.

Na ce, "Ummi, haka na koya miki? Ko karatun ne ya cinye miki harshe? Haka kike ba ɗan mutane yana ci yana shiru?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Umma. Mantawa na yi."

Washegari ta sake mantawa. Uban kuwa sai yabawa yake, yana neman ƙari. Na yi mata faɗa a gaban mijinta, ta sunkuyar da kai ta shanye. Ta hana ubanta hawa bene, ta mayar mana da shimfiɗa falo, wai ɗakin sama ana gyara. Na hau na duba, ban ga gyaran komai ba, na ce yaran zamani ba su iya karɓar baƙi ba.

Malam ya ba Bashir babbar rigarsa ta shadda, wadda yake sawa ranar Salla. Ya ce ta yi masa nauyi. Sannan ya kira jikarmu Nana, wadda ke jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa sai da Turanci. Ya ɗora ta a gwiwa.

Ya ce, "Amaryata, ki yafe mini."

Ta tambaye shi me ya yi.

Ya ce, "Ban kawo lefe ba, ga shi kin fara girma."

Ta ce ba ta auren mai furfura, amma ta yafe, in zai bar mata hularsa. Ya cire ya ɗora mata. Na yi dariya har da tafi. Ummi ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

A Boston muka bar mota muka hau jirgin. Tun a bakin shiga aka raba ni da daddawata. Mai binciken kaya ya buɗe ƙullin, ya shinshina, ya ja da baya kamar an mare shi. Na ce masa abinci ne. Ya ce ya yarda, amma ba za ta hau jirgi ba. Kilishin ma ya bi ta.

Jirgin unguwa guda ne a kan ruwa, bene kan bene, da kantuna da wurin wanka. Ɗakinmu kuwa in ka miƙe hannu ka taɓa bango biyu. Abinci ba ya yankewa daga safe har safe. Mutum ya cika faranti, ya ɗanɗana, ya ture, ya ɗauko wani. Na ga abin da ake zubarwa a wuni ɗaya, na tuna gidajen da na sani, na kasa haɗiye nawa. A wani gari na gaɓar Maine aka kawo mana wata halittar ruwa ja mai kama da ƙatuwar kunama, aka ɗaura mini leda a wuya kamar jaririya, aka ba ni abin fasa ta. Na ce a mayar, a kawo mini kifi mai kamar kifi.

Mai gyara mana ɗaki wata mata ce Adiza, 'yar zangon Kumasi. Da ta ji muna Hausa ta saki tsintsiya ta dafa ƙirji. Ta ce rabonta da jin harshen a bakin wani tun da ta baro 'ya'yanta wurin uwarta. Ita ta riƙa nuna mana alƙibla, don jirgin juyawa yake, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar. Na lura Malam ya koma yin salla a zaune. Ya ce jirgin ke jujjuya masa kai.

Iyakar Kanada ba ta zo da wahala ba. Ba shinge, ba sojan da zai ce a sauke kaya. Jirgin ya tsaya a Halifax, aka duba fasfo, aka ce mu shiga. Garin a jikin tudu yake, da tsohuwar ganuwar soja a can sama. Na ce mu zauna a bakin ruwa. Malam ya ce a'a, sai ya hau, yana so ya ga tekun daga sama. Muka kama hawa. Wannan karon bai kai ga igiyar takalmi ba. Ya dafa bango, ya sulale ya zauna a kan titi, zufa na keto masa cikin wannan sanyi. Na kira sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Mutanen garin, Allah Ya saka musu, suka taru. Wata ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa. Suka ce a kira motar asibiti, ya ɗaga hannu ya ce a'a, a mai da shi jirgi. Wani mai tasi ya kai mu.

Likitar jirgin mace ce 'yar Indiya. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe, sannan ta tambaye shi ko ya san abin da ke zuciyarsa. Malam ya amsa da Turanci, da sauri, ƙasa-ƙasa. Haka yake yi da yara tun suna ƙanana in ba ya so in ji. Ya manta, ko kuma bai taɓa yarda ba, cewa matar da ya kawo ƙasar nan ba ta jin ko "zo" ba ita ce tsaye a bayansa ba. Na yi shekaru ina shiga bas zuwa ajin manya a Annandale, yana ce mini 'yar makaranta. Na ji ya ce an gaya masa tun kafin azumi. Na ji ya ce an ba shi ranar tiyata ya ƙi. Na ji ya ce 'yarsa ta sani, ita ke kula da magungunansa. Na ji ya ce, don Allah kada a gaya wa matata.

Likitar ta ɗago ta dube ni. Na ce mata da Turancin, "Na ji."

Ta ce jirgin ya riga ya juya gida, Malam ya kwanta, kada ya hau ko matakala ɗaya, in ya sake faɗuwa za ta sauke shi a gari na farko ko yana so ko ba ya so.

Ban ce masa komai ba ranar. Washegari bayan la'asar ya ce in raka shi barandar jirgi ya sha iska. Muka zauna, ruwa ta ko'ina, toka-toka, ba ƙasa ba tsuntsu.

Ya ce, "Hajiya, kin yi shiru."

Na ce, "Ina lissafin mutanen da suka kalle ni ina wauta ne. Ka sa na ci mutuncin Ummi a kan gishiri, alhali ranka take tsarewa. Ka sa na yi ba'a da lahira a gaban yayarka. Ka zaga da ni gida gida kana sallama da duniya, ni ina riƙe maka jaka ina dariya."

Ya ce, "Kin tuna Lawal." Ƙaninsa ne, wanda ya rasu a gida ana yi masa aiki. "Da ƙafarsa ya shiga, yana yi mana barkwanci. Bai yi sallama da kowa ba. Ni na yi masa wanka, na ga ɗinkin. Na ce ni ba haka zan tafi ba. Ina so in gama da kowa, in tafi yadda Allah Ya halicce ni."

Na ce, "To ni fa? Ni ba kowa ba ce?"

"Da na gaya miki, da ba ki bari mun taho ba."

"Wallahi da ban bari ba."

"Shi ya sa. Na so ki ga teku hankalinki kwance." Ya gyara zama ya fuskance ni. "Ke na bari ƙarshe, don naki ya fi na kowa yawa. Talatu, ki yafe mini."

Kun san yadda ake yi. Kafin mai roƙo ya rufe baki an ce masa ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ko maƙiyinka ne, in ya zo da wannan, ba ka mayar da shi. Ban taɓa jin macen da ta hana mijinta ba, balle miji marar lafiya. Amsar tana kan harshena, ta saba fita da kanta. Amma na gane abin da yake nema. Tawa ce ta rage. In na ba shi, ya gama shiri, sai ya koma gida ya kwanta ya jira.

Na ce, "A'a."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "In Allah Ya ɗauke ni a haka fa?"

Na ce, "Sai ka tafi da haƙƙina." Na riƙe ƙarfen kujera. "Ran kowa a hannun Allah yake, na Lawal ma haka. Amma magani Allah ne Ya saukar da shi. Ranar da aka ɗora ka a gadon nan mai taya, a bakin ƙofar ɗakin tiyata, kafin su tura ka, zan sunkuya in yafe maka duniya da lahira, har abin da ba ka roƙa ba. Kafin nan kada ka sake tambayata."

Ya ce, "Ke dai ba ki da tausayi."

Na ce, "Masu tausayin sun yafe maka ai. Ga inda suka kawo ka."

Na tashi na bar wurin. Adiza ta same ni a lungu ina share fuska, ba ta tambaye ni komai ba, ta kawo mini shayi mai citta.

Ummi da Bashir suka tare mu a Boston. Tana ganin fuskata ta san na sani. Ta durƙusa a wurin, cikin mutane, ta ce, "Umma, Baba ne ya sa na rantse." Na ce ta tashi, maganarmu da ita tana nan, ba yau ba. Na ce ba zan kwana ba. Bashir ya ja motarmu ya kawo mu har Alexandria, ya koma a jirgin ƙasa. Tsawon hanyar nan Malam na gaba, ina baya, ba wanda ya ce uffan sai in lokacin salla ya yi.

Washegari da na idar da asuba na dama masa kunu ba sukari, na ajiye. Na yi wanka, na sa mayafi, na ɗauki makullin motar daga inda yake rataye shi. Yana zaune a kan darduma da carbi.

Na ce, "Wurin likitanka za ni. Ummi ta gaya mini inda yake. Zan zauna a ƙofarsa har ya gan ni, ya ba mu wata ranar. Ina ƙasa. In ka sauko mu tafi tare, in ba ka sauko ba in tafi ni kaɗai."

Na sauka, na shiga mazaunin direba, na tada mota. Maƙwabta suna ta fitowa za su tashar jirgi, kowa da kofin shayinsa. Na zauna ina kallon ƙofar benen. Ban yi masa waya ba, ban danna ham ba. Rana ta fara taɓa gilasan sama. Na sa motar a giya.

Sai ga shi ya fito, a hankali, yana dafa bango, kansa ba hula. Ya zagayo ta gefen direba ya tsaya, don ko da na koyi tuƙi, bai taɓa zama a mota ina tuƙa shi ba. Ban matsa ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zagaya ɗaya gefen, ya buɗe, ya zauna, ya ja bel ya ɗaura.

Ya ce, "Kada ki bi babban titi, yanzu cunkoso ne. Yi dama."

Na yi dama.